Ayar da Ba Bulus Ya Rubuta Ba

Talata, 4 ga Oktoba 1983, da tsakar rana

Na ƙona hannuna na hagu. Na fara da shi ne don shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da na ƙona yau.

Ina zaune a bakin madafa ina kwafe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sai na ji Mancang, shugaban 'yan tsaron ƙauye, yana kwaɗa mini kira daga ƙofa. Wai aron sikeli ya zo. A watan da muke ciki, duk wanda aka gani da takarda irin wannan ba a gida yake kwana ba. Na duba nan, na duba can, na cusa fallayen cikin bakin murhu, tunda babu wuta. Har na yaba wa kaina dabara.

Da na miƙa masa sikelin ya tafi, da shi ke nan. Amma ni Pang Deshui ban taɓa ganin mutum mai kunne biyu na bar shi ya wuce ba labari ba. Na zaunar da shi, na ba shi labarin jakin surukina da ya bi amarya har ɗaki. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daɗin ya hau mini kai, na ce, "Yaya Mancang, ka zo gidana ka tafi ko ruwan zafi ba ka sha ba?" Na ɗebi karan masara, na tura, na ƙyasta ashana. Da hannuna.

Da na tuna, na juya masa baya na zura hannu cikin wutar, na cusa takardun a riga suna hayaƙi. Na ce dankalin da na binne a toka nake cetowa. Ya ce, "A kan dankali ɗaya za ka gasa hannu? Kai dai yunwar shekarar sittin ba ta sake ka ba."

Fallaye shida ne. Biyar sun tsira da baƙin gefe. Na shidan ƙasansa ya tafi, kamar faɗin yatsa uku.

Littafi Mai Tsarki ɗaya gare mu, mu da ƙauyuka tara da ke kewaye. Kaka Dou ce ta binne shi cikin tulu a ƙarƙashin ɗakin alade shekara goma sha biyu, lokacin da ake ƙona irinsa a dandali. Yanzu ta kwance ɗinkinsa, tana ba ni kaɗan-kaɗan in kwafe in mayar mata, kwafin ne ke yawo gida-gida. Aji uku kawai na yi a makaranta, amma na shekara goma ina rubuta kirarin hukuma a bango da farar ƙasa, hannuna ya faɗa. Ilimin ke nan gaba ɗaya.

Samari masu jar ɗamara na wancan lokacin ƙone-ƙonen sun nemi littafin nan ruwa a jallo ba su ƙona shi ba. Ni na iya, da kara uku.

Laraba, 5 ga Oktoba, da hantsi

Layi huɗu ne suka ƙone. Na karanta shafin jiya da safe kafin in fara, uku sun dawo mini ba wahala. Na huɗun ma ya dawo, shi ne damuwar.

A wurin Bulus yana gaya wa Timoti ya daina shan ruwa zalla, ya riƙa ɗan kurɓar ruwan inabi saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Na tuna sarai, don sai da na karanta sau uku ina murmushi.

To wa zai yarda? Ni da aka taɓa tsinta a kwalbati na rungume aladen maƙwabci ina ce masa ɗan'uwa. Shekara huɗu kacal da na bar giya. In aka ji wannan daga alƙalamina, cewa za a yi Deshui ya shigar da kwalbarsa cikin Littafi. Sai a je a buɗe na asali, sai a ga ƙuna. Na kuma ce wa kaina, wa ya sani, ƙila ƙishina ne ya karanta ba idona ba.

Sai na rubuta cewa saboda cikinsa da yawan laulayinsa kada ya nemi maganin mutane, ruwa da addu'a sun ishe shi.

Ta zauna daram. A kunnena ma har ta fi ta asalin kama da Littafi.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da la'asar

Na mayar wa Kaka Dou fallayen cikin ƙyallensu, mai ƙunar a tsakiya. Ba ta karatu, yanar ido kuma ta kusa rufe ta. Ta karɓa da hannu biyu yadda ta saba, ta kai hanci.

"Ragowar Kare, ka koma shan taba ne?"

Ita kaɗai ta rage mai kirana da sunan da uwata ta sa mini don mutuwa ta raina ni ta wuce. Na ce, "Kaka, ni da ko ganyen kabewa ba ni da halin busawa?" Ta sa su a tulu.

Matata Yufen ta shafa mini man alade a hannu. Ta ce, "Baban Shulan, wane irin dankali ne wannan da ban gan shi ba?" Na ce Mancang ya cinye.

Lahadi, 9 ga Oktoba, bayan sujadar asuba

Mun taru a rumbun Kaka Dou kafin a fita gona. 'Yata Shulan ce ta yi karatu. Ita ke yi kullum, don ta gama aji bakwai kuma kanta kamar tulu mai murfi, abin da ya shiga ba ya fita. Duk abin da na kwafe cikin shekara uku ta haddace shi. Shekararta sha tara. Tun bazara take shan maganin tarin nan, wanda likitan gunduma ya ce sai ta shekara tana sha ba fashi ko na yini ɗaya. Kumatunta sun fara dawowa. Makon jiya har ta ɗauki ruwa daga rijiya.

Yau muna da baƙo, Malam Geng daga hayin kogi. A da fawa yake yi, yanzu wa'azi. Muryarsa tana sa ƙura ta zubo daga rufi. Ba zan yi masa ƙarya ba, na ga ya yi wa wata mata addu'a ƙafarta da ta kumbura ta saɓe.

Da Shulan ta zo kan ayar da na sa, ya ɗaga hannu.

"'Yata, maimaita."

Ta maimaita. Sai ga ƙaton mutum yana hawaye.

"Shekara biyu ina faɗa cewa kwalbar magani gunki ce, ana ce mini ina aka rubuta. Ga shi an rubuta! Wa ya kwafe wannan?"

Aka nuna ni. Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ya ce hannuna mai albarka ne. Na ce, "Ɗayan dai, ɗayan ya dahu." Aka yi dariya.

Laraba, 12 ga Oktoba, da yamma

Mutum huɗu sun zo kwafe wasiƙar daga ƙauyuka huɗu. Ba a taɓa rububin Timoti haka ba.

Hannun yana warkewa.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da tsakar rana

Kwalbar tana kan taga. Ta maganin Shulan ce, na saba ganin ta tana raguwa kamar hatsi a rumbu. Tun Litinin tana inda take.

Yufen ce ta fara magana muna cin burodin masara.

"Ke Shulan, maganin nan ajiyar wa kike yi masa?"

"Na daina, Mama."

"Kin daina? Likita ne ya zo cikin mafarki ya sallame ki?"

"A rubuce yake, Mama. Ba Malam Geng ne ya faɗa ba, Bulus ne. Baba ne ya kwafe da hannunsa. Ko ba haka ba, Baba?"

Su biyu suka zuba mini ido. Ubangiji ya buɗe mini ƙofa faɗin ta shanu. Na ce, "Ai Timoti ciwon ciki gare shi, ke kuwa na ƙirji, kowa da ayarsa." Shulan ta yi dariya, ta ce Baba ba ya rabuwa da wasa. Dariyar ta ƙare da tari.

Talata, 18 ga Oktoba, da safe

An gama shukar alkama.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da hantsi

Wata dabarar kuma. Na daka ƙwayoyi biyu da gindin cokali na zuba wa Shulan a kunun gero, na ƙara kabeji mai gishiri don ya ɓoye ɗaci. Cokali ɗaya ta kai baki ta ajiye. Ba ta dube ni ba, uwar ta duba.

"Mama, kin sa ni zunubi ban sani ba."

Yufen ta ce, "Ni?" Ta dube ni. Na dubi kaza.

Yanzu Shulan ba ta cin abin da ba ita ta dafa ba, ƙarfin dafawar kuma babu. Duk dabarar da na yi sai ta haifi 'yar'uwarta da ta fi ta muni. Da ana ba da jan fure na gwarzon aiki a kan wannan, da ƙirjina ya cika.

Asabar, 22 ga Oktoba, da la'asar

Zazzaɓin yamma ya dawo. Kwalbar tana kan taga.

Litinin, 24 ga Oktoba, da tsakar rana, a gona

Muna haƙar dankali na gaya wa Yufen gaskiyar abin da na yi. Na zaɓi gona ne don in ta yi ihu iska ta kwashe. Ba ta yi ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Ta ci gaba da karkaɗe ƙasa daga dankalin da ke hannunta har ya yi fes.

"Shekara ashirin da biyu ina jin ƙaryarka ina dariya, don ba ta taɓa cin kowa ba," in ji ta. "Na ɗauka akwai wuri ɗaya da ba ka kai ta. Ni da ban iya karatu ba, in ka zauna da alƙalamin nan ko tsintsiya ba na ɗagawa don kada in dame ka."

Na ce zan gyara.

"Yau. Ba gobe ba. Ƙyallen da na wanke wa Shulan da safe ba fari ba ne, jini ne a jiki."

Ranar dai, da yamma

Na shiga ɗakin gabas na zauna a bakin gadon Shulan. Na faɗa mata duka, murhu, Mancang, ruwan inabi. Ban sa wasa ko ɗaya ba, abin har ya yi mini baƙo a baki.

Ta saurara har ƙarshe. Sai ta kama hannuna mai ƙunar ta shafa.

"Baba, na san kana sona. Ba sai ka yi wa Bulus ƙarya ba."

"Ai ita nake gaya miki na yi."

"Ruwan inabi, Baba? Ko da za ka ƙirƙira, ka ƙirƙiro abin da ba naka ba mana."

Laraba, 26 ga Oktoba, da asuba

Ban iya addu'a ba. Na durƙusa na ji kamar wanda ya je aron gatari gidan da ya sace wa itace.

A shafin ƙarshe na wasiƙar nan, wanda wuta ba ta ci rubutunsa ba, Bulus yana roƙon yaron ya tsare abin da aka damƙa masa amana. Ranar da na rubuta tawa ayar, a ranar na kwafe wannan, da tawada ɗaya. Har na tsaya na gyara wani harafi da ya ɗan karkace. Harafi na gyara.

Na daɗe ina zaton masu ɓata koyarwa wasu irin mutane ne daban, masu zuwa daga nesa da ido ja. Ban san mutum yana iya yi don kawai kada a yi masa dariya ba.

Juma'a, 28 ga Oktoba, da rana

Hannun ya warke. Fatar sabuwa ce, ja kamar ta jariri.

Lahadi, 30 ga Oktoba, bayan sujadar asuba

Shulan ba ta iya zuwa ba. Malam Geng ya zo, rumbun ya cika har waje.

Na miƙe kafin a yi waƙa. Ganin na miƙe kawai wasu suka fara murmushi. Na ce ayar maganin nan ba ta cikin Littafi, ni na sa. Malam Geng ya ce, "To me ke wurin, ɗan'uwa?" Na faɗa.

Shekara arba'in da shida ina neman dariya a ƙauyen nan, a biki, a gona, har a wurin makoki. Ban taɓa samun irin ta yau ba. Wani tsoho sai da aka bubbuga masa baya. Wata ta ce, "Kofi nawa Bulus ya ce, Deshui?" Wani ya ce, "A duba da kyau, ƙila akwai ayar soyayyen gyaɗa a ƙasa."

Na ce a buɗe tulu. Kaka Dou ta buɗe, aka ga ƙunar. Dariya ta tsaya. Malam Geng ya ɗaga fallen sama ya ce, "Ku duba! Shaiɗan ya san ayar da zai ƙona. Ubangiji ya cece ta ta hannun bawansa, yanzu kuma tsoro ya shigi bawan saboda 'yarsa. Kada ku yi masa dariya, ku yi masa addu'a." Suka kewaye ni, suka ɗora mini hannuwa. Da gaske suke yi, wasu har da kuka. Na tsaya a tsakiya kamar buhun da ake jira a ɗaure.

Da aka watse Kaka Dou ta riƙe mini riga.

"Ragowar Kare, tun ranar na ji ƙauri. Na ce bari in jira ka faɗa da bakinka. Jiran nan nawa laifi ne, ni zan amsa shi."

"Kaka, ba ki tuna ayar ba?"

"Ni Zabura na riƙe, da Yohanna. Wa ke haddace ciwon cikin Timoti?" Sai ta ƙara da cewa, "Akwai wani a birni."

Ruan take nufi, tsohon faston da ke majami'ar da hukuma ta sake buɗewa bara. Mu ba ma zuwa can. Shekara ashirin da biyar Kaka ba ta ambaci sunansa ba tun da ya sa hannu a wata takardar hukuma, mijinta kuma ya ƙi sawa, aka tafi da shi bai dawo ba.

"Ka ce masa matar Dou Changhe ce ta aiko ka. Kada ka gaishe shi a madadina."

Ta ba ni fallen mai ƙunar na sa a ƙirji.

Talata, 1 ga Nuwamba, da la'asar, a birni

Tafiyar yini ce a ƙafa. Na iso takalmin ƙyallen da Yufen ta ɗinka mini ya buɗe baki yana dariya, shi ma.

Na sami tsohon yana share harabar majami'a, ɗan ƙanƙani, kunnensa ɗaya ba ya ji. Da na ambaci sunan sai ya jingina tsintsiya, ya daɗe yana kallon ta. Ya shigar da ni, ya ba ni taliya, ya ce in fara ci. Ban iya ba. Na faɗa masa abin da na yi. Na jira dariya ko tsawa.

Ya buɗe akwati ya fito da littafi mai baƙin bango, ba wanda ke kan bagade ba, nasa na kansa. Ya buɗe, ya karɓi fallena ya ɗora a kai. Bugu ɗaya ne da na Kaka. Layi ya hau layi, harafi ya hau harafi, inda nawa ya ƙare da baƙin toka nasa ya ci gaba. Ga ruwan inabin nan zaune abinsa, shekara da shekaru, bai ji kunyar kowa ba.

Ya ce, "Ka ga ayar ba ta yi maka kama da ta masu tsarki ba, ka ce bari ka taimaka wa Allah."

Na ce haka ne, Fasto.

"Ni ma na taɓa. Na ga in na ɗan rage nan, na ɗan yi shiru can, za a bar mana ƙofa a buɗe. An rufe ta duk da haka." Ya rufe littafin. "Mai kwafi aikinsa ɗaya, kada ya fi littafin wayo. Inda ya ba ka kunya, kwafe kunyar. Inda ya ƙone, bar wurin fari ka rubuta a gefe cewa ya ƙone."

Na ce yarinyar ba za ta yarda da bakina ba, ko da alƙalamina. Ya naɗe littafin cikin tsohuwar riga ya miƙo mini. In aka kama ni da shi, sunansa na ciki. Ya sani, na sani.

"Ka ce wa matar Changhe..." Sai ya fasa. "Ka ci taliyar, ta huce."

Alhamis, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Na shigo da shi a ƙarƙashin kabeji cikin kwando. Na wuce Mancang a bakin ƙauye, ya ce in zo in ƙarasa masa labarin jaki. Na ce jakin ya mutu.

Yufen ta tayar da Shulan ta jingina ta da bango. Kwana uku kawai na yi, wuyanta ya zama kamar na kaza. Na buɗe littafin a cinyarta, na ba ta fallen Kaka. Ita da kanta ta ɗora. Ta bi da yatsa daga sama har inda toka ta fara, ta ɗaga fallen, ta ci gaba. Ta koma sama ta sake.

Ta ce, "Mama, miƙo mini kwalbar."

Yufen ta kusa faɗuwa garin sauri. Shulan ta haɗiye biyu da ruwan ɗumi. Har wani wasa ya taso mini a baki, na ce in ce mata saura ruwan inabin. Allah ya taimake ni ta riga ni magana.

"Baba, cikin waɗanda na haddace, wanne kuma ne naka?"

Na ce ita ke nan, guda ɗaya, na rantse.

"Ta yaya zan sani?"

Ba da fushi ta faɗa ba. Tambaya ce kawai. Ta juya fuska bango.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, da yamma

Mai ba da magani na ƙauye ya zo. Ya ce kwana ashirin da biyar ba wasa ba ne, wani lokaci ciwon yakan koyi maganin ya daina jin tsoronsa. Ya ce a jira a gani. Ya tambayi dalilin da ta daina. Yufen ta fita ɗebo ruwa, randa kuwa cike take.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, bayan sujadar asuba

An ɗora falle a kan shafi a gaban kowa, masu karatu uku sun duba. Ba wanda ya yi dariya. Wata ta ce littafin birni ne, hukuma ta taɓa shi. Kaka Dou ta ce, "Hukumar ce ta zo ta ƙona nawa daidai wurin don su dace?" Ta sa aka miƙa mata littafin Ruan, ta shafa bangon, ta daɗe. Ta ce, "Har yanzu yana naɗe kusurwar shafi. Mugun hali."

Malam Geng bai zo ba. Ya haura yamma wajen duwatsu tun Laraba, da kwafinsa a aljihu.

An karɓe mini aikin kwafi. Daga yau mutum biyu za su riƙa yi, ɗaya na rubutu ɗaya na dubawa. Daidai ne. Ni na kawo shawarar, kafin wani ya kawo.

Talata, 8 ga Nuwamba, da tsakar rana

Wani mai sayar da tukwane ya ce a ƙauyen Hejiawan an binne wani tsoho ranar Asabar, mai ciwon suga ne ko na zuciya, bai sani ba. Ya ce mutumin kirki ne, ya zubar da magungunansa a masai yana waƙa.

Ban tambayi sunansa ba. Sai da mai tukwanen ya yi nisa na bi shi da gudu na tambaya.

He Wanshun.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Shulan ta ci rabin kwano. Ta sa an ajiye mata littafin Ruan da littafin haddarta gefe da gefe, tana bi aya-aya daga Matiyu, tana sa ɗigo da fensir. In ta gaji ta kwanta, in ta farka ta ci gaba. Na ce in taya ta, in riƙa karanta ɗaya tana duba ɗaya. Ta ce, "Bar shi, Baba, zan iya."

Ta sami kuskure biyu zuwa yanzu, na mantuwa, harafi ya faɗi. Ta nuna wa uwarta da ba ta karatu.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, da asuba

Na yanka 'yan siraran takardu da zan liƙa a kan ayar ƙaryar a duk kwafin da ta shiga. A kowace na rubuta ayar yadda take, da ruwan inabinta, Shulan ta duba ta da littafi kafin ta shiga jaka. Yufen ta dama mini ƙullun fulawa a gwangwani, ta sa dankali shida a gefe. Ba ta ce in dawo lafiya ba, amma ta ɗinke bakin takalmin.

Jiya na yi ƙauyen Dongpo. Ba liƙewar ce mai wuya ba. Sai na tsaya a gaban mutane na faɗi abin da na yi tukuna, sun yi dariyarsu sun gama, sannan in liƙa takardar a kan shafi. Gida uku, kwafi biyar, don waɗanda suka kwafa su ma an kwafa daga gare su. Wata mata ta ce ta ba ƙanwarta da ke aure a wata gunduma. Na rubuta sunan garin.

Ƙauyuka tara ne, saura takwas. Hejiawan na ciki, na sa ta a ƙarshe, na goge na mai da ita ta yau. Akwai matar He Wanshun. Ban san abin da ake ce wa mace irin wannan ba, kuma ba ni da labarin da zan fara da shi. Bayan su akwai Malam Geng a duwatsu, wanda yake tafiya da ƙafa biyu yana wa'azi da murya goma. Akwai littafin Ruan da zan mayar in Shulan ta gama, ta kuwa ce sai ta kai Wahayi.

Na leƙa ɗakin gabas kafin in fita. Kwalbar ta ragu. Shulan tana barci, leɓenta na motsi, tana bitar wani abu. Ban san ko wace aya ba ce. A duk inda tawa ta shiga zan iya bi da takarda da gwangwani in rufe ta, ban da nan.

Gari ya fara wayewa. Ƙullun zai bushe in na daɗe.